Kaset Ɗin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Litinin, 3 ga Afrilu, 2000, bayan sallar asuba

Baba bai kwana gida ba. Wannan ba sabon abu ba ne a gidanmu, da shi kaɗai ne da ban ɓata takarda ba. Amma na leƙa ɗakinsa na tarar babu bargonsa, babu butarsa, babu jakar kakin nan da ya yi shekara ashirin da bakwai yana ratayawa a aikin jirgin ƙasa. Rediyonsa na nan a kan taga. Wa ke ɗaukar bargo a wannan zafin?

Litinin, bayan la'asar

Na zaga tasha, na zaga gindin mangwaron da tsoffin ma'aikatan jirgi ke zama, har Sabon Gari na bi, duk da na san wuraren da yake zuwa an rufe su tun Janairu da Shari'a ta fara aiki. Ɗaya ma an yi masa farin fenti an mai da shi shagon ɗinki. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai ga Dogo ba, sannan ya bi ni da wani irin kallo.

Mai shayin bakin tasha ne ya tausaya min. Ya ce jiya da hantsi an sa kaset ɗin fim ɗinmu a zauren wani maƙwabcinsa, mutum ya fi ashirin, tunda an rufe gidajen kallo kowa a zaure yake kallo. Baba ya zo wucewa aka yi masa tayi, ya zauna. Ya ce bai kai ƙarshe ba. Ya tashi, ya sa takalmi, ya fita.

Ban san kaset ɗin ya fita ba. Ni na rubuta labarin, Junaidu na Shinkafi ya ɗauka da kyamarar da yake ɗaukar biki da suna, kuma mun yi alkawari kwafi ɗaya ne har sai mun yi shawara.

Talata, 4 ga Afrilu, da hantsi

Bai dawo ba.

Laraba, 5 ga Afrilu, bayan azahar

An yi hutun makaranta, babu aji, babu 'yan yaran da za su cika min kunne in manta. Sai tunani.

Mun ce wa kanmu fim ne na faɗakarwa. Na canza komai, ko kuwa haka na zata. Uban da ke cikin labarin direban babbar mota ne, sunansa Malami, garin ma ba mu ambace shi ba. Amma Gado ne ya fito a Malami, kuma Gado a layinmu ya tashi. Ranar farko da aka kunna kyamara sai ga shi ya shigo da tafiyar Baba, kafaɗa ɗaya ƙasa, da gyaran muryar nan sau biyu kafin sallama. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Ban ce a sake ba.

Yau na tuna tafiyata ta farko a jirgi. Ina shekara bakwai. Baba ne mai tuta, shi ke taragon ƙarshe, jirgi ba ya motsi sai ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta. Mutanen Ƙaura na cewa ba a san ko tsawonsa ne ya ba shi suna Dogo ba ko layin dogon ne. Kakinsa a goge har yana tsayawa da kansa. A Gusau ya ɗaga ni sama ya ba ni tutar ya ce in ɗaga, na ɗaga, jirgi ya tashi. Na yi shekaru ina gaya wa yara ni na tayar da shi. A Funtuwa ya saya min rake ya feƙe min da wuƙarsa, a Zariya muka ci biredi mai zafi. Lokacin in ya rungume ni ƙamshin sabulu da gawayi nake ji. Ɗayan warin daga baya ya zo, bayan jiragen sun fara ɗaukewa, aka bar su suna zaman jiran abin da ba ya zuwa.

Ban sa wannan a fim ɗin ba.

Juma'a, 7 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

A ƙofar masallaci na ji wani dattijo yana cewa, ba da ni ba amma don in ji, wai yanzu ɗa ke kai ƙarar ubansa, a kaset ma. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in Dogo ya dawo in tsare shi a gida, don idon mutane yanzu a kansa yake, in aka kama shi da wari a baki bulala tamanin ce a bainar jama'a.

Ina Gusau ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, cikin wancan taron da ban taɓa ganin irinsa ba. Na yi kabbara har muryata ta dishe. Kowa da abin da yake roƙo a zuciyarsa, ni nawa ɗaya ne: a rufe wuraren nan, Baba ya dawo namu. An rufe. Sai ya koma bin ƙauyuka inda ake dafawa a ɓoye, abin da ya fi na kwalbar muni.

Shekararsa sittin da ɗaya. Na ga bayansa watan jiya yana wanka a tsakar gida. Duk ƙashi ne.

Asabar, 8 ga Afrilu, Zurmi, da yamma

Na zo gidan Yaya Rabi'atu ko ya biyo ta nan. Bai biyo ba. Kaset ɗin dai ya riga ni zuwa, dangin mijinta sun kalla.

Ta bari na ci abinci tukuna, halinta ke nan. Sannan ta rufe ƙofa ta ce, "Muttaka, wa ya ba ka izini? Yarinyar nan da ta turo uban a amalanke daga bakin kwata, ni ce. Shekarata goma sha huɗu. Na yi shekara goma sha takwas ina binne ranar nan, kai ka tono ta ka raba wa duniya."

Na ce mata so na yi ya ga kansa. Ta ce ai ya gani, ga shi nan mun ga sakamako.

Can sai ta tambaye ni ko na tuna gwangwanin alawar da yake kawo mana duk ƙarshen wata, mai hoton jirgin ruwa. Na ce na tuna. Ta ce har yanzu yana nan, a ciki take ajiye allura da zare. Ta ɗauko ta nuna min, duk ya yi tsatsa. Muka zauna muna kallon gwangwani kamar wasu marasa hankali, tana share ido da bakin mayafi.

Litinin, 10 ga Afrilu, da safe

Bai dawo ba. Na share ɗakinsa. A bayan akwati na samu kwalabe guda uku, babu komai ciki. Na haƙa rami a bayan gida na binne su.

Talata, 11 ga Afrilu, bayan magariba

An ce an tsinci wani dattijo a bakin gulbi wajen Sakajiki, dogo, ba a san danginsa ba. Na hau mashin na je. Sun buɗe min fuska.

Ba shi ba ne. Allah ya jiƙan bawan Allah. Na tsaya aka yi masa sallah da ni, don na kasa tafiya.

Alhamis, 13 ga Afrilu, Shinkafi, bayan la'asar

Ranar kasuwa, garin ba masaka tsinke. Na samu Junaidu a shagonsa. Bai yi musu ba. Ya ce ɗan'uwansa ya ara na yini ɗaya, ashe ya kai an kwafa. Ya ce kuma wani ɗan kasuwar kaset daga Gusau ya zo har sau biyu yana son a buga shi da yawa, wai bai taɓa ganin fim ɗin da ya sa maza kuka a zaure ba. Na ce masa ubana ya ɓata kwana goma sha ɗaya. Ya sunkuyar da kai, ya buɗe durowa ya miƙo min na asalin. Yana cikin jakata yanzu. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Daga nan na wuce wurin Inna. Shekara takwas ke nan da ta dawo gidan iyayenta. Ba saki aka yi ba, ranar nan dai ta naɗe tabarmarta ta ce ta gaji, ba ta kuma koma ba. Na same ta tana tsince tsamiya. Ta ji komai, har fim ɗin ta ji labarinsa, ta ce ba ta bukatar kalla tunda a gabanta aka yi na gaske.

Ba ta ambaci sunansa ba, ba ta taɓa yi ba. Ta tambaye ni abin da ya ɗauka. Da na lissafa mata sai ta ɗago kai.

"In ya ɗau bargo da buta, ba wurin shan yat tai ba. Mai zuwa can bai tuna bargo. Ubanku wani wuri ya nufa."

Wannan ce magana ta farko da ta sa na iya haɗiye abinci.

Asabar, 15 ga Afrilu, Ƙaura, da rana

Na zauna a dandamalin tasha. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan. Da can a nan ake jibge buhunan gyaɗa har su tsere wa rufin ofis, mata na sayar da dafaffen ƙwai da fura, 'yan dako na waƙa. In jirgin yamma ya kusa, Inna takan ɗora ruwan wanka tun kafin a ji kukansa, wai a ƙafarta take jin zuwansa. Mu kuma mu ruga bakin layi mu hango wanda ya fi kowa tsawo.

Ban san ranar da na daina rugawa ba.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Bai dawo ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Wani direban Shinkafi ya kawo saƙo daga Inna. Baba na Katuru, gidan Tambari. Yana da rai.

Tambari abokin aikinsa ne, shi ke zuba gawayi a kan jirgi zamanin da. Tare suka fara abin, shi ya bari shekara ashirin da suka wuce ya koma gona. Yau ya shigo kasuwa ya biya ya gaya wa Inna, ya ce Baba ya hana a faɗa, amma shi ba zai iya ci gaba da riƙewa ba.

Na yi sujada a tsakar gida. Sannan na zauna ina jin tsoron gobe.

Juma'a, 21 ga Afrilu, Katuru, bayan la'asar

Ya ƙi ganina.

Yana wata bukka a bayan gidan, kusa da turken shanu. Na yi sallama sau uku daga bakin zana. Na ji gyaran muryar, sau biyu, amma bai amsa ba.

Tambari ya zaunar da ni a gindin ɗorawa ya ba ni labari. Ya ce da ƙafa Baba ya iso daga Shinkafi, ya ajiye jakarsa ya ce masa, Tambari, yadda ka yi, yi min, in ta kama ka ɗaure ni ka ɗaure. Kuma an ɗaure shi ɗin, kwana biyu, da rawani. Makon farko yana ganin tururuwa na bin bango, yana kiran sunayen tashoshi ɗaya bayan ɗaya, jikinsa na kaɗawa kamar mazari. Sai da aka kira malamin ɗakin shan magani ya yi masa ƙarin ruwa. Tambari ya ce akwai ranar da ya fid da rai.

Na tambaye shi ko Baba ya yi maganar kaset. Ya ce sau ɗaya. Wai cewa ya yi mutanen zauren suna ta dariyar tafiyar, shi ma ya fara murmushi, sai yarinya ta fito da amalanke, dariya ta ɗauke, ya ga babu wanda ya iya duban inda yake zaune.

Asabar, 22 ga Afrilu, Katuru, da hantsi

Jiya da na biyo ta Shinkafi Inna ta ba ni ƙullin gero da tsamiya da kayan yaji, ta ce kada in ce daga ina. Matar Tambari ta dama, na kai bakin bukka na ajiye. Bayan ɗan lokaci na ji ya ambaci sunan Inna, ya ce, "Wanga haɗin na Saude ne. Shigo."

Ya rame ƙwarai. Gemunsa ya fito fari fat, ban taɓa ganinsa da gemu ba. Hannu biyu ya riƙe kofin, duk da haka rabin kunun a rigarsa ya ƙare. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu.

Ya ce ya ɗauka mun yi ƙanƙanta mu riƙe waɗannan abubuwa. Ya ce shi kansa bai san da ranar amalanken ba, a kaset ya fara ganinta. Ya tambayi Yaya Rabi'atu, ya tambayi makaranta. Sannan ya ce, "Ban ƙarasa ba. Mi ya faru da shi daga ƙarshe, shi Malamin?"

Na ce masa zan je in duba ko an kira sallah. Ko azahar ba ta yi kusa ba.

Asabar, bayan la'asar

Mako uku ina rubutu a littafin nan ina kewaye shi. Bari in rubuta.

A ƙarshen fim ɗin Malami mutuwa yake yi. Ana tsintarsa a bakin hanya da safe, 'ya'yansa su zo su ɗauka, a yi jana'iza, gida ya yi tsit, uwar ta dawo. Ni na rubuta da hannuna, a teburin da ya saya min ranar da na ci jarrabawar kwalejin horon malamai. Kuma da na ajiye biro ranar, wani sanyi na ji a ƙirjina. Wannan sanyin shi ne abin da ban gaya wa kowa ba.

Talata, 25 ga Afrilu, da safe

Na gaya wa Baba yadda fim ɗin ya ƙare. Ban da maganar sanyin. Ya ce yana so ya gani da idonsa, kuma a kira Rabi'atu.

Alhamis, 27 ga Afrilu, Katuru, bayan magariba

Junaidu ya kawo talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto a bayan mota. Yaya Rabi'atu ta iso daga Zurmi da goyo. Ta gaishe shi daga nesa, ya amsa yana kallon ƙasa. Mu biyar a zauren Tambari, da rana tsaka, an sa buhu an toshe taga.

Ya kalla tun daga farko. Wurin amalanke Yaya ta tashi za ta fita, ya ce mata don Allah ta zauna, shi ya kamata ya ji kunya. Ta zauna. Har aka kai makara, aka jera sahu, aka zuba ƙasa. Junaidu ya kashe.

Baba ya ce, "An samu jama'a wurin jana'izar, ba laifi."

Tambari ya yi dariya, mu muka kasa.

Sannan ya juyo gare ni. "Duk abin da ka sa daga farko gaskiya ne, kak ka cire ko ɗaya. In mai sayen na so, ba shi, wataƙila wani ya tashi daga zaure kamar yadda na tashi. Amma wanga na ƙarshe, Muttaka, ka yi gaggawa. Ban mutu ba tukuna."

Ban san lokacin da na kife kaina a gwiwarsa ba. Rabona da taɓa jikinsa, in ba ɗaukarsa zan yi ba, na manta.

Na ce ba zan ba kowa ba sai Yaya ta yarda. Ta daɗe tana jijjiga ɗanta. Ta ce ta yarda a sake ƙarshen, da sharaɗi ɗaya: kada a nuna yarinyar ta yafe nan take, don ƙarya ne. Baba ya ce haka ne, a sa hakanan.

Lahadi, 30 ga Afrilu, Shinkafi, da yamma

Na gaya wa Inna duk yadda aka yi. Na ɗan yi mata zancen komawa. Ta ce shekara takwas ba a wanke ta da wata guda. Amma ta sake ƙulla tsamiya.

Laraba, 3 ga Mayu, da rana

Tambari ya ce jiya Baba ya fita har bakin hanyar mota, ya tsaya ya fi awa, motoci biyu suka tsaya masa. Ya dawo da kansa yana zufa, ya ce a ba shi fartanya. Tambari ya ce kada in yi murna da yawa, kada kuma in karaya, shi da ya shekara ashirin har yau akwai ranar da maƙogwaronsa ke tambaya.

Asabar, 6 ga Mayu, Katuru, bayan la'asar

Yau muka sake ɗaukar ƙarshen. Babu makara. Malami ne zaune a bukka, ɗansa ya kawo masa kunu, shi ke nan.

Gado ya zo yana ta noƙewa, ya durƙusa gaban Baba. Baba ya ce masa ya tashi, tafiyar dai ya iya ta, har ya fi mai ita. Aka fara. Sau huɗu Gado na riƙe kofi yana karkaɗa hannu, Baba na gefe yana girgiza kai. Ya ce ba haka hannu ke rawa ba, wannan rawar mai jin sanyi ce. Mai irin tasu ƙoƙari yake ya tsai da hannun, hannun na ƙi. Gado ya sake, bai yi ba.

Junaidu ya dube ni, na gane abin da yake nufi, na ce a'a. Baba ya riga ya gane shi ma. Ya ce a ba shi rigar. Ya sa rigar Gado, ta tsaya masa a gwiwa, ya zauna a tabarma ya ce a ɗauki hannun kawai, ban da fuska. Ni na miƙa masa kofin. Ya karɓa da hannu biyu, kunu ya zube masa a yatsu, ya kai baki a hankali ya sha. Junaidu ya ce ko a goge a sake. Baba ya ce a bar shi yadda yake.

Jibi za a koma makaranta, gobe zan wuce Ƙaura. Tambari ya yanka wa Baba wani yanki a gonarsa, sun riga sun yi sharar gona, ruwa suke jira. Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, bai dai sauko ba. Na tambaye shi yaushe zai dawo gida. Ya ce sai an yanke gero, in Allah ya kai mu, kuma kada in matsa masa.

Ya rako ni har bakin zana. Ya ce yau kwana talatin da huɗu. Ban san yana ƙirgawa ba.